Kalma, Kiɗa da Hoto: Ina Ma'anar Waƙa Take Zaune?

Da wuya shekara ta wuce ba a yi waƙar da ta tayar da ƙura a ƙasar Hausa ba, kuma muhawarar takan bi hanya ɗaya. Masu suka su ce waƙar tana ɓata tarbiyya, a hana ta. Masoyan mawaƙin su ce a kawo baiti ɗaya tak da ke ɗauke da batsa. Sau da yawa ba a iya kawowa, amma maganar ba ta mutuwa, domin tun farko masu sukar ba baitin suke nufi ba. Rawar da suka gani ce ta dame su, ko shigar da aka yi, ko irin kiɗan da aka ɗora kalmomin a kansa. Haka za a yi ta ja-in-ja a rediyo da Facebook, kowane ɓangare yana amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba.

Tushen ruɗanin shi ne zaton cewa ma'anar waƙa tana cikin kalmominta kaɗai, kiɗa da hoto kuwa ado ne da za a iya cirewa ba tare da an taɓa saƙon ba. Tarihin waƙar Hausa kansa bai goyi bayan wannan zato ba, haka ma abin da aka gani a wasu ƙasashe.

Kalmomin da za a yi aiki da su

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sukan rarrabe sassan waƙa. Akwai *jigo*, wato babban saƙon da waƙa ta ginu a kansa. Akwai *amshi* ko gindin waƙa, wanda ake maimaitawa, da *ɗiya*, wato sassan da mawaƙi ke jerowa tsakanin amshi da amshi. Akwai kuma *rauji*, hawa da saukar muryar da ake rera kalmomin da ita.

*Salon kiɗa* a wannan sharhi yana nufin duk abin da kunne ke ji ban da kalma: kayan kiɗan da aka yi amfani da su, saurin bugu ko nauyinsa, irin muryar, da yadda jagora da 'yan amshi ke karɓa wa juna. Salo ne ke sa mutum ya ce wannan waƙar fada ce, waccan ta fim ce, tun bai tantance abin da ake faɗa ba.

*Bidiyo* kalmar aro ce daga Turanci, ma'anarta hoto mai motsi da aka naɗa. *Bidiyon waƙa* ɗan gajeren fim ne da ake shiryawa domin waƙar da aka riga aka naɗa a *situdiyo*, wato ɗakin ɗaukar sauti. Mawaƙin yana motsa baki ne kawai yana bin muryarsa da ake kunna masa. *Darakta* shi ne mai tsara abin da za a ɗauka, *edita* kuma mai yanka hotunan ya jera su. Wannan ya bambanta da hoton Mamman Shata da gidan talabijin ya ɗauka yana wasa a gaban jama'a: a can kyamara shaida ce kawai, a bidiyon waƙa kuwa tana cikin masu ƙirƙira.

Ita kanta *ma'ana* fuska biyu gare ta: abin da mawaƙi ya nufa, da abin da ya isa ga mai sauraro. Yawancin rigingimun da ake yi a tsakanin waɗannan biyu suke.

Kiɗa ya daɗe yana magana

A tsohon tsarin ƙasar Hausa kowane kayan kiɗa yana da gidansa. Kakaki da tambari na sarki ne, ba a busa su ko a buga su don talaka komai dukiyarsa. Kotso da taushi na fada ne. Da kotso Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa. Kalangu ya shahara a wajen mahauta da 'yan dambe da bukukuwa. Manoma suna da gangarsu. Garaya da goge suna tuna wa mutane bori. Ƙwarya ta mata ce, da ita Barmani Choge ta yi amada. Bandiri kuwa na zikiri ne, musamman a wajen 'yan Ƙadiriyya. Wanda ya jiyo kiɗa daga bayan gari ya san irin taron da ake yi, ya san ko ya dace da shi ko bai dace ba, alhali bai ji kalma ko ɗaya ba.

Abin ya wuce alama kawai. Akwai *take*, wato ɗan kiɗan da aka keɓe wa wani mutum ko wata sarauta ko sana'a. Makaɗi zai buga taken ɗan dambe, ɗan damben ya miƙe jikinsa na tsuma, ba tare da an ambaci sunansa da baki ba. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu yana iya bin hawa da saukar magana har masu kunnen abin su fassara abin da ya ce. Al'ummar da ta san ganga tana kiran mutum da sunansa ba ta buƙatar a gamsar da ita cewa kiɗa yana ɗaukar saƙo.

A duba yadda salo ya yi aiki a hannun mawaƙa biyu. Ɗan Maraya Jos ya yi waƙa da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai, babu 'yan amshi. Da ya yi wa karen mota waƙa, siririn sautin nan da kaɗaicin muryar sun dace da wanda ake magana a kansa, mutumin da ba shi da fada ba shi da maroƙa. Da a ce an rera kalmomin nan da kotso, ga zugar 'yan amshi, ga sanƙira yana kirari, da yawa za su ɗauke su a matsayin zolaya. Shata kuwa ya ɗauki kalangu, kiɗan kasuwa da dandali, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa da shi. Wannan ma magana ce: yabon Shata yabo ne a bainar jama'a, da muryar gari, ba irin na cikin zauren fada ba.

Rashin kiɗa ma salo ne. *Imfiraji* ta Aliyu Namangi ta zaga ƙasar Hausa a bakin makafi da almajirai, da rauji kaɗai. Mai sauraro yana jin muryar babu ganga ya san wa'azi ne. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ake da wannan rarrabewa: shi da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yi amfani da waƙa wajen karantarwa, a lokaci guda kuma jagororin jihadi suna sukar kiɗe-kiɗen sharholiya da tarukan da ake cakuɗa maza da mata. Wato sun ɗauki kiɗa da wurin da ake yin sa a matsayin abin da ke sauya hukuncin kalma.

Wani misali daga Amurka yana nuna ƙarfin salo idan ya yi karo da baiti. A 1984 Bruce Springsteen ya fitar da "Born in the U.S.A." Kalmomin labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tarar babu aiki babu mai kula da shi. Amma kiɗan mai ƙarfi ne, ganga na dukan ƙirji, amshin kuma irin wanda dubban mutane za su ɗauka tare a filin wasa. Jama'a da dama suka karɓe ta a matsayin waƙar alfahari da ƙasa, har shugaba Ronald Reagan ya yabi mawaƙin a wani jawabin yaƙin neman zaɓe a watan Satumban shekarar. Daga baya Springsteen ya riƙa rera ta da jita ɗaya, a hankali, sai ɗacin kalmomin ya fito. Baitocin ba su canza ba.

Zuwan fiyano da karin Indiya

Tsohuwar taswirar nan, inda kowane kiɗa ke da gidansa, ta fara rikicewa ta hanyar sinima. Finafinan Indiya sun mamaye gidajen kallo na Kano da sauran biranen Arewa shekaru da dama kafin Hausawa su fara nasu, kuma a cikinsu waƙa ba ta zuwa sai da hoto: saurayi da budurwa, lambu, rawa, sauyin tufafi. Da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da *Turmin Danya* a 1990, sannan *Sangaya* ya yi kasuwa a 1999, sai wannan tsari ya zauna. Abin kiɗan da ya ɗauki nauyinsa shi ne *fiyano*, na'urar lantarki irin ta kamfanin Yamaha, wadda ke kwaikwayon sautin ganga da sarewa da goge duk daga akwati ɗaya. Salon da aka samu, namiji da mace suna karɓa wa juna a kan kiɗan fiyano, shi ake kira *nanaye*.

Sakamakon da ba a cika lura da shi ba shi ne, sauti ɗaya ya koma yana ɗaukar kowane irin kaya. Da fiyano ake waƙar soyayya, da shi ake ta siyasa, da ta amarya, da tallar magani, da bege. Kunnen da ya saba gane taro daga kiɗa ya rasa wannan jagora. Kuma da yake a fim ɗin soyayya aka fara sanin sautin, ƙamshin soyayya da rawa yakan bi shi duk inda ya je.

An ga wannan ƙarara a lamarin ƙungiyoyin masu bege na Kano irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda Brian Larkin, masanin al'adu daga Amurka, ya yi nazari a kansu. Sukan ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya da matasa suka haddace, su cire kalmomin, su sa yabon Manzon Allah (SAW). Hujjarsu ita ce suna janye matasa daga abin banza zuwa abin lada, da ƙugiyar da matasan suka riga suka haɗiya. Masu suka suka ce wanda ya san fim ɗin, da zarar ya ji karin, rawar jarumar ce za ta faɗo masa a rai, ko da bakinsa yana ambaton Annabi. Babu ɓangaren da ya yi jayayya a kan kalmomin. Gardamar duka a kan abin da rauji ke tunowa ce, kuma har yau ba ta ƙare ba: akwai masu bege da ke amfani da fiyano, akwai waɗanda suka tsaya a bandiri, akwai masu murya zalla.

Abin da hoto ke yi wa waƙa

Bidiyon waƙa ya zama babbar sana'a bayan buɗe tashar MTV a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, wadda ta keɓe kanta ga nuna su dare da rana. A wajenmu ya bi ta kaset da faifan CD, sannan tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, sannan YouTube da wayar hannu.

Dalilin ƙarfin hoto sananne ne a wajen masu fim. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna wa mutane fuskar ɗan wasa guda, babu fara'a babu ɓacin rai, yana haɗa ta da hotuna daban-daban: kwanon abinci, gawa a akwati, mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Zuciyar ɗan'adam takan ƙulla alaƙa tsakanin duk abubuwa biyu da aka jera mata. Idan aka rera kalmar so, edita ya ɗora hoton uwa da jariri, ma'ana ɗaya ce. Ya ɗora hoton ɗakin otal, wata ce daban. Mawaƙin bai ƙara harafi ba.

Andrew Goodwin, a littafinsa na 1992 kan bidiyon waƙa, ya ce hoto yakan tsaya da waƙa ta hanya uku: ko ya kwatanta abin da baiti ya faɗa, ko ya faɗaɗa shi da abin da baitin bai faɗa ba amma bai saɓa masa ba, ko ya yi hannun riga da shi. Na farko shi ne mafi yawa kuma mafi sauƙi. Na ukun shi ne mafi haɗari, domin wani lokaci da gangan ake yin sa don a isar da saƙo, wani lokaci kuma sakaci ne ko neman kasuwa, kuma mai kallo ba koyaushe yake iya bambancewa ba.

Na biyun shi ne inda gwaninta take. Waƙar "Hurt" Trent Reznor ne ya rubuta ta, ta fito a 1994, kukan saurayi ne da ƙwaya da ƙuncin rai suka ɗaure. A 2002 Johnny Cash, tsohon mawaƙi mai shekara 70 da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya sake rera ta kusan ba tare da taɓa baitocin ba. Darakta Mark Romanek ya ɗauke shi a gidansa da kuma gidan tarihinsa da aka rufe, hannunsa na rawa, ana gauraya hotunan da na ƙuruciyarsa lokacin yana tashe, matarsa June tana kallonsa daga kan matakala. Sai waƙar ta koma lissafin dattijo da ke duban rayuwarsa a bakin kabari. June ta rasu a watan Mayun 2003, shi kuma a Satumba. Reznor da kansa ya ce bayan ya ga bidiyon ya ji waƙar ta bar hannunsa.

Akwai hasara a nan da ya kamata a ambata. Wanda ya ji Narambaɗa a rediyo shi ne daraktan kansa: doki da fada da mahayi duk a zuciyarsa yake zana su, kuma na kowa daban. Bidiyo yakan tsayar da hoto ɗaya ga kowa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan fage maganar ta tabbata har ta yi yawa: wanda ya ga bidiyo sau ɗaya da wuya ya sake jin waƙar ba tare da hoton ya biyo ta ba.

Rigingimu uku da hoto ya haddasa

A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon waƙar "I Love You" ta mawaƙin gambarar zamani ClassiQ. Ta fito a matsayin mai sayar da kayan marmari da mawaƙin ke nema, an ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Jigon waƙar soyayya ce, irin wadda nanaye ke yi kullum. Da sauti kaɗai aka saki, da wuya wani ya ɗaga kai. Abin lura kuma, hukuncin ya faɗa kan wadda ba ta rubuta baiti ko ɗaya ba.

A watan Mayun 2018 Falz ya fitar da "This Is Nigeria", yana bin sawun "This Is America" ta Childish Gambino. Waƙar suka ce ga cin hanci da rashin tsaro da malaman addini na bogi. A cikin bidiyon an ga 'yan mata sanye da hijabi suna rawar shaku-shaku, an kuma ga wani cikin shigar Fulani yana kai hari da adda. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta ba shi kwana bakwai ya janye bidiyon. Falz ya ce 'yan matan suna wakiltar 'yan matan Chibok ne da aka sace, tunatarwa ce cewa ana rawa an manta da su. Ga misalin hoto mai hannun riga da aka yi da gangan, amma alamar da aka zaɓa tana da wani nauyi a wajen miliyoyin mutane wanda ya rinjayi nufin mai ita. Ita kuwa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, da ta tashi hana sa waƙar, wani layi na baitin ta kafa hujja da shi. Aiki ɗaya, wasu sun kama shi ta hoto, wasu ta kalma.

A watan Yulin 2023 Davido ya wallafa guntun bidiyon waƙar "Jaye Lo" ta yaronsa Logos Olori, inda aka ga mutane cikin fararen kaya suna sallah sannan suka ɓarke da rawa a wurin. Yawancin waɗanda suka fusata a Arewa ba su san me baitocin ke cewa ba, kuma ba su buƙaci sani ba. Davido ya goge guntun bayan 'yan kwanaki.

Ba kowace rigima ce ta hoto ba. Da NBC ta hana sa waƙar "Warr" ta Ado Gwanja a 2022, kalmomin kansu suna cikin abin da aka yi ƙorafi a kai. Rarrabe irin wannan da waɗancan shi ne abin da muhawarar jama'a ta fi kasawa.

Idan waƙa ta fita daga hannun mai ita

A 2020, lokacin kullen korona, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta yi tashe. Matan aure suka fara ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawa da ita a cikin gida suna sakawa a shafukan sada zumunta, abin ya zama gasa. Wasu suka ce nuna ƙauna ce tsakanin ma'aurata, wasu suka ce fallasa sirrin gida ne. Hoton da ya manne wa waƙar a zukatan mutane, ba mawaƙin ne ya ɗauke shi ba, ba daraktansa ba.

Wannan shi ne sabon yanayin da TikTok da Instagram suka kawo. Waƙa tana da bidiyo ɗaya na mai ita, da dubbai na jama'a. Abin da ke yawo kuma ba waƙar ba ce gaba ɗaya, daƙiƙa goma sha biyar ne ko talatin, galibi amshi ko wurin da kiɗa ya fi zaƙi. Baitin da ya zo kafin nan, wanda wataƙila shi ne ya fayyace nufi, an yanke shi.

Ra'ayoyin da ke karo

Masu kare mawaƙa suna cewa kalma ce alƙali, domin ita kaɗai ake iya rubutawa a ajiye a gaban kowa. Fassarar rawa ko shiga kuwa ta danganta da idon mai kallo. Suna da gaskiya cewa hukunci ba tare da ma'auni bayyananne ba ƙofar zalunci ce. Raunin hujjarsu shi ne mawaƙin da ya biya kuɗin bidiyo, ya tsaya a gaban kyamara, ya amince da abin da edita ya haɗa, ba zai dawo ya ce shi baiti kaɗai ya sani ba.

Hukumomi da malamai da dama suna duban aikin a dunƙule. A kan haka Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, take neman a kawo mata bidiyo kafin a sake shi. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango saboda kundin bidiyon waƙoƙinsa *Bahaushiya*. Fahimtarsu cewa hoto yana magana daidai ce. Inda ake jin tsoro shi ne yadda ƙa'idar kare tarbiyya kan iya miƙewa ta kai ga waƙar da laifinta suka ne. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, cikinsu har da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala, wadda zubinta addu'a ce. Su kansu malaman ba bakinsu ɗaya ba: akwai masu haramta kayan kiɗa gaba ɗaya, akwai masu halatta wasu, akwai masu duban abin da waƙar ta ƙunsa da inda ake yin ta.

Masu sana'ar kuma suna maganar kasuwa. Tun da cinikin faifai ya mutu, kuɗin mawaƙi yana zuwa ne daga yawan masu kallo a YouTube, da gayyatar biki, da 'yan siyasa. Sun ce bidiyon da babu rawa da kwalliya ba ya tafiya. Wannan bayani ne na dalili, kuma gaskiya ne gwargwado, amma yana tabbatar da cewa zaɓin hoton da saninsu ake yin sa.

Manazarta da dama suna ganin ma'ana ba ta kammala sai ta isa ga mai sauraro, shi ya sa bidiyo ɗaya zai wuce lafiya a Legas ya tayar da hankali a Kano ko Damagaram. Lamarin "Jaruma" yana goyon bayansu. Sai dai idan aka ja wannan ra'ayi har ƙarshe, babu wanda za a tambaya komai. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a ɗora wa mawaƙi da daraktansa nauyin kalma da kiɗa da hoton da suka fitar da hannunsu, a bar wa mai rawa a TikTok nauyin nasa.

Abin da zai iya biyo baya

Ana iya ganin tasirin a kan yadda ake tsara waƙa tun yanzu. Idan daƙiƙa talatin ne ke sayar da waƙa, hankalin mawaƙi zai koma kan amshi da wurin rawa, ɗiya kuma su zama cike gurbi. Dogon zaren da Shata ko Ɗanƙwairo ke ja, inda habaici ke ɗaukar mintuna kafin ya sauka a kan mai shi, yana buƙatar mai sauraro mai haƙuri, kuma wayar hannu ba ta tarbiyyantar da irinsa.

Ikon hukumar jiha kuma yana tsayawa a iyakar jiharta. Bidiyon da aka ɗauka a Kaduna ko Jos ko Abuja yana isa wayar yaro a Fagge da Maraɗi da zangon Kumasi a sa'a guda. Hani yakan ƙara wa waƙa masu nema. Wanda hannu ke iya kaiwa gare shi shi ne wanda fuskarsa ta fito, kuma sau da yawa mace ce, 'yar rawa ko jaruma, wadda ita ce mafi ƙarancin iko a kan yadda aka tsara aikin.

Akwai fuskar alheri. Bidiyo yana iya mayar wa waƙa abin da fiyano ya ɗauke mata: a ga kalangu da gurmi a hannun masu su, a ga hawan sallah, a ga marina da maƙera, yaron da bai taɓa ganin kotso ba ya san kamanninsa. Daraktan da ya san darajar alamomin da yake taɓawa yana iya yi wa waƙar Hausa irin abin da Romanek ya yi wa ta Cash.

Sauyin ya shafi har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, ba su yi waƙa don TikTok ba, amma muryoyinsu suna can ana ɗora su a kan ayarin motocin 'yan siyasa da hotunan biki da barkwanci. Zambon da makaɗin fada ya yi wa wani ɗan sarki mai neman gadon sarauta shekaru sittin da suka wuce, yau ana liƙa shi a fuskar abokin hamayya a zaɓe. Yabon da aka yi wa sarki saboda wani aiki takamaimai ya koma na duk wanda ke da yaro mai iya haɗa bidiyo. Matashin da ya fara jin baitin a haka zai ɗauka ma'anarsa ke nan, sai fa in ya sami cikakkiyar waƙar, da wanda zai gaya masa wa aka yi wa ita da abin da ya faru har aka yi ta.